Ajin Dare a Zauren Masu Takalma

Fata ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun zamanin da ayari ke tashi daga Kurmi ya ratsa sahara ya kai Gadamus da Tarabulus, jemammiyar fatar akuya tana cikin kayan da ake labta wa raƙuma. Yau ma masana'antun jima na Challawa da Sharada da Bompai suna aikinta, sai dai mafi kyawunta a kwantena ake lodawa a yi Italiya da Sifen da Sin da ita, a can a yanka a ɗinka, ta dawo mana da tsadar da ba kowa ke iya taɓawa ba. Mai takalmi na cikin gari, wanda ke zaune a ɗan shago wajen Ƙofar Wambai da almakashi da guduma da gwangwanin gam, yawanci ragowa yake samu, ko ya haƙura ya koma kan leda da roba. Duk da haka kayansa suna zuwa Nijar da Chadi da Kamaru. Ƙorafin 'yan sari a kansa guda biyu ne, kuma tun ina yaro nake jin su: lamba ba ta daidaita, ƙasan takalmi kuma yana ɓamɓarewa.

Ni ba baduku ba ne. Lissafi da zanen fasaha nake koyarwa a sakandare. Abin da ya kai ni cikin harkar shi ne maƙwabcina, mai shagon takalma, ya sami odar sandal na 'yan makaranta, ya ce in taya shi duba lissafin. Muka zauna da biro da takarda. Ya faɗi kuɗin fata, kuɗin ƙasan takalmi, kuɗin maɓalli. Na ce gam fa? Ya ce ai akwai shi a shago. Man janareta? Wannan ai kullum ana saya. Abincin yara da sallamarsu? Naka ladan aikin fa? Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ni ma sai na biya kaina?" Da muka tattara komai, sai ga shi kowane dozin zai bayar da shi ne ƙasa da abin da ya ci. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana sana'a, kullum hannunsa da aiki, kullum kuma yana mamakin inda kuɗin ke shiga.

Daga nan maganar aji ta taso. Wani dattijo ya ba mu aron zaurensa, muka sa lokaci bayan sallar isha'i, domin shi kaɗai ne lokacin da yaron shago yake mallakar kansa. Amma kafin mu yi wa yaro ko ɗaya magana, iyayen gidansu muka bi shago-shago. Wannan ba ladabi kawai ba ne. A Kano yaron sana'a amana ne a hannun maigidansa, uban yaro ne ya kawo shi ya damƙa, kuma duk wanda ya zo da zancen "horas da matasa" ba tare da ya bi ta wurin maigida ba, abin da maigida zai ji shi ne an zo hure wa yaransa kunne. Wani ya faɗa mana ƙiri-ƙiri: "Ku koya musu boko su raina mu, ko?" Amsar da muka ba shi ita ce, shi zai koyar. Ni nawa rula da lissafi ne, aikin fata kuwa bakin masu shi za a ji shi. Ya yi shiru, ya ce zai leƙo. Ya leƙo ɗin, kuma har yau shi ne ke fara zuwa.

Daren da ya fi kowane tasiri shi ne wanda muka ce kowane shago ya zo da kwalin awonsa na lamba 42, wato kwalin da ake ɗorawa a kan fata ko roba a zagaye da biro a yanka. Muka jera su ɗaya kan ɗaya a tsakiyar tabarma, muka haska da fitilar waya. Babu biyun da suka zo daidai. Wani ya fi wani tsawo da kusan faɗin yatsa, wani dunduniyarsa ta cinye, wani ya karkace wajen babban yatsa. Gani ya kori ji. Zauren ya kaure da gardama, kowa na cewa nasa ne na asali, domin daga hannun maigidansa ya gada.

Kuma kowa gaskiyarsa ya faɗa. Yaro idan zai buɗe nasa shagon, kwalin maigida yake ɗorawa a kan sabon kwali ya zagaye. Bakin biro yana bin gefen kwalin ne ta waje, saboda haka sabon ya ɗan fi tsohon girma. Kwali kuma yana cinyewa da yawan aiki, gefensa ya lanƙwashe, gumin hannu ya tausasa shi. Idan aka yi haka daga maigida zuwa yaro zuwa yaron yaro, lambar da ke rubuce tana nan 42, amma takalmin ya tashi daga 42 tuntuni. Ɗan sari ya ɗauki dozin goma daga shaguna uku ya kai Zinder, mai saye ya gwada wannan ya matse shi, ya gwada wancan ya yi masa yawa, sai ya juya ya ɗauki na Sin, wanda ko ba shi da ƙwari lambarsa ba ta yi masa ƙarya.

Maganin bai ci kuɗi ba. A tsarin lambar Turai da kasuwarmu ke bi, tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku ne na santimita ɗaya, wato lamba uku santimita biyu. Da wannan muka zauna muka zana awo ɗaya da kowa ya yarda da shi, dattawa suna gyara faɗin, domin sun fi mu sanin ƙafar mutanenmu, wadda ta saba da silifas ta baje. Wata ɗaliba mai karatu a kwalejin fasaha ta ɗora zanen a kwamfuta ta fitar da sauran lambobin daga ƙarami zuwa babba. Muka kai wa mai aikin kwano ya yanka mana su da ƙarfe marar kauri irin na bokiti, ya buga lamba a jikin kowane. Ƙarfen yana rataye a ƙusa a zauren. Duk wanda kwalinsa ya gaji, ya zo ya zana sabo daga ƙarfe, ba daga wani kwalin ba.

Maganar gam kuwa, a nan ne na ga abin da ke cikin kan dattawan da ba a taɓa tambayarsu ba. Wani tsoho da hannunsa ya fara rawa ya ɗauki ƙyallen fata da guntun roba, ya goge fuskokinsu da samfefa har suka yi kaushi, ya kaɗe ƙurar, ya shafa gam siriri a kowane ɓangare, sannan ya ajiye su ya ɗauki carbinsa. Yara suka zuba ido. Sai da aka jima ya taɓa da bayan yatsa, ya ga ba ya kama fata, sannan ya haɗa ya bi da guduma daga tsakiya zuwa gefe. Ya ce, "Ku gam kuke labtawa ku manna yana ɗanye, don maigida na cewa ku yi sauri salla ta matso. Ruwan da ke ciki bai fita ba kun rufe shi, ina zai je?" Duk yaran sun taɓa jin a bari ya sha iska. Dalilin ne ba wanda ya taɓa gaya musu, kuma abin da yaro bai san dalilinsa ba, ranar da aiki ya yi yawa shi zai fara yarwa.

Wani yaro mai ƙiriniya, wanda ko firamare bai gama ba, shi ya kawo dabarar gwaji. Ya ce a manna guntaye da yawa, wani nan take, wani bayan minti biyar, wani bayan goma, wani an goge wani ba a goge ba, a bar su su kwana, washegari a rataya bokiti a jikin kowane a riƙa zuba yashi har ya ɓamɓare. Aka yi, aka auna yashin da gwangwanin madara, aka rubuta a littafi. Daga baya suka maimaita da hunturu, suka maimaita da damina, suka gane cewa lokacin jira ba ɗaya ba ne. Ni a wurina wannan bokitin shi ne ƙirƙirar da ake ta taro a otal-otal a kanta, kuma da a ce yaron nan ya sami gurbi a makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa ko ta Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe a 1977 don irinsa, da yanzu wani zance ake yi.

Ɗaliban jami'a sun zo mana, wasu don neman abin rubuta aikin kammala karatu. Kusan kowane da manhajar waya a bakinsa: manhajar da za ta haɗa masu takalma da masu saye a duniya. Ban raina ba, amma mutumin da lambar takalminsa ba ta tsaya ba, idan ka haɗa shi da duniya, kunyarsa ka faɗaɗa. Waɗanda suka amfane mu su ne waɗanda suka cire takalmi suka zauna a tabarma suka yi mako suna kallo kafin su ce uffan. Daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke hanyar Gwarzo zuwa cikin birni tafiyar A Daidaita Sahu ce, amma malamin da ya san kimiyyar gam da mutumin da ke shaƙarsa tun safe har dare ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Abin da ke ba ni mamaki, makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909 tana da ɓangaren sana'a, inda masu sana'ar gari suke koyar da aikin fata da ƙira da sassaƙa. Wato an taɓa sanin cewa baduku malami ne, daga baya aka manta.

An kuma yi ta ba mu shawara mu nemi a sa mu cikin masu rabon kayan tallafi. Na ga yadda irin wannan rabo ke ƙarewa: a tara matasa a yi musu kwana uku, a ba su takardar shaida da keken ɗinki, a ɗauki hoto, kafin la'asar dillalai na bakin ƙofa suna saye a rabin kuɗi. Ba laifin yaran ba ne kaɗai. Wanda ba shi da maigida, ba shi da shago, ba shi da mai saye, keke a wurinsa kuɗi ne da aka ba shi a siffar ƙarfe. Mu mun zaɓi mu tsaya kan waɗanda suke cikin sana'ar tuni, kuma muka sa ɗan abin da kowa zai riƙa bayarwa duk mako na fitila da alli. Wasu sun ce tsada, suka daina zuwa. Waɗanda suka rage ba sa fashi.

Waya ta shigo da kanta, ba mu muka kawo ta ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa dattawan da suka rantse ba ruwansu da banki buɗe asusu, yara suka zama masu duba musu ko kuɗi ya shigo. Daga nan muka ɗan koya musu ɗaukar hoto: a fito da takalmi hasken safe, a shimfiɗa farin ƙyalle, a ɗauka ta sama da ta gefe, a rubuta lamba da farashi a sa a WhatsApp. Masu saye daga Kaduna da Jos suna turo kuɗi, a kai kaya tasha a ba direba. Wannan ɓangaren bai ɗauki lokaci ba, yaran sun fi ni iyawa.

Abin da ya ɗauki lokaci shi ne isa ga mata. Ado da ɗinkin hannu na saman takalmi da yawa a cikin gidaje ake yin su, yara ke kaiwa su karɓo, a biya a kan dozin, kuma mai aikin ba ta san nawa ake sayar da abin da ta ƙawata ba. Zauren dare ba wurinsu ba ne. Sai da ɗalibar nan ta kwalejin fasaha ta nemi izinin wata malamar islamiyya aka ba ta aji ranar Alhamis da hantsi, sannan lissafin ya kai gare su. Sakamakon farko bai yi wa wasu iyayen gida daɗi ba, domin matan sun ƙara kuɗin dozin. Maƙwabcina ya zo yana mita, "Malam, kai ka ja mana." Na tuna masa wanda aka fara koya wa biyan kansa.

Akwai abin da aji ba ya magani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna janareta don injin goga ya zama abin da ake yi da lissafi, wuta kuwa sai ta ga dama. Yara masu hannu da kyau suna barin shago su koma tuƙin A Daidaita Sahu ko sana'ar POS, saboda can kullum da abin sawa a aljihu, nan kuwa sai an yi shekaru ana haƙuri. Yaron bokitin yashi ma ya tafi na wani lokaci, maigidansa ya bi shi har gida ya yi masa alkawarin kaso a kan kowane dozin, sannan ya dawo. Wasu shagunan sun fara kwaikwayon wannan, wasu na ganin lalata tarbiyya ne.

Yanzu shagunan sun shiga adashi don sayen injin matse ƙasan takalmi guda ɗaya da kowa zai riƙa amfani da shi yana biyan ɗan wani abu, tunda babu mai iya saye shi kaɗai. Kuɗin ya kusa cika. Inda aka tsaya shi ne shagon wa za a ajiye shi da wanda zai riƙe makulli, kuma dattijon da ya ba mu zaure ya ce kada a sake tayar da maganar sai bayan babbar salla, idan aiki ya lafa.