Kilo 180 da ba a rubuta a takarda ba

Tun bayan hatsarin jirgi mai saukar ungulu na ranar 6 ga Agusta 2025 a yankin Adansi Akrofuom na ƙasar Ghana, wanda ya ci rayuka takwas, cikinsu har da ministan muhalli Dakta Ibrahim Murtala Muhammed da babban jami'in tsaron ƙasa Alhaji Muniru Limuna, Allah Ya ba iyalansu haƙuri, mutanen unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi suka tuna cewa na taɓa tuƙa jirgi. A ƙofar masallaci da wurin mai shayi tambayar ɗaya ce: wai iska kaɗai ta isa ta kayar da jirgin da injinsa ke lafiya lau? Ta isa. Rahoton binciken da aka fitar a watan Nuwamba ma iska mai danno jirgi ƙasa a kan tuddai ya ambata. Sai dai ni abin da ya kusa kai ni lahira a duwatsun Lesotho, mutane ne suka ɗora mini shi da hannunsu, suka rubuta masa wani suna.

Wanda ya saba da filin jirgin Kumasi ba zai gane ƙuncin filayen can ba sai ya gani. Namu bai kai mita 300 sama da teku ba, titinsa kwalta ne mai tsawon kusan kilomita biyu. Lesotho kuwa wuri mafi gangare a duk faɗin ƙasar yana kan mita 1,400. Filin da nake magana yana wajen ƙafa 7,500 sama da teku, wato kusan mita 2,300, tsakuwa da ciyawa, tsawonsa bai fi mita 600 ba, ƙarshensa kwazazzabo. Cessna 206 nake tuƙawa, mai kujeru shida, injinsa ba shi da na'urar cusa iska, kuma nauyin da aka yarje masa ya tashi da shi bai wuce kilo 1,633 ba. Wannan lambar takarda ce. A kan tsauni da rana tsaka, abin da jirgin zai iya ya gaza haka nesa.

Dalilin ba boyayye ba ne. A tsayin ƙafa 7,500, lissafin da aka gina jadawalin ƙarfin jirgi a kansa yana ɗaukar zafi a matsayin digiri sifili. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, kamar an ɗaga filin ne da ƙafa 120. Ranar nan zafi ya kai digiri 24, wato jirgin yana jin kansa a sama da ƙafa 10,000 alhali tayoyinsa na ƙasa. Irin wannan injin yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu, don haka kusan sulusin ƙarfinsa ya tafi tun kafin in taɓa totur. Farfela ba ta samun iskar da za ta kama sosai, fiffike ma haka, dole jirgin ya yi gudu a ƙasa fiye da yadda ya saba kafin ya ɗaga. Duk na lissafa wannan. Lissafina ya ce zan tashi da sauran fili a gabana, bisa nauyin da aka ba ni.

Da hantsi ya kamata mu bar wurin, lokacin da iska ke da sanyi. Muka zauna jiran wani jami'i ya sa hannu a takardar mara lafiyar da za mu kai asibiti a Maseru, babban birnin ƙasar, har rana ta take. Ina wajen ɗaure matar a kujera tare da ma'aikaciyar jinya da ɗanta, mutanen gari suka loda kwalaye uku a baya. Takardar kaya ta ce tsofaffin fayiloli da kwalaben magani, kilo 40. Sikelin filin ya lalace tun kafin in fara aiki da kamfanin da nake wa tuƙi, an yi ta kai ƙara, ba a gyara ba. Kowa da ido yake auna kaya.

Akwai ƙa'idar da duk matuƙin ƙaramin jirgi ya sani: in ka kai rabin titi ba ka samu kashi 70 cikin ɗari na gudun tashi ba, ka fasa. Na riga na sa alamar rabin da wani farin dutse a gefen hagu. Na saki birki, injin yana kuka daidai, amma jirgin yana jan jiki kamar motar haya ta trotro da aka cika da buhunan doya a hawan Nkawkaw. Dutsen ya iso, allurar gudu tana ƙasa da inda ya kamata. Na janye totur, na danne birki. Tsakuwa ba ta riƙe taya yadda kwalta ke yi, muka yi ta zamewa. Na karkata zuwa gefen tudu don kada mu nufi kwazazzabo, tayar gaba ta faɗa wani rami ta karye, farfela ta sari ƙasa. Muka tsaya. Ba wanda ya ji ciwo in ban da yaron da ya fasa leɓe.

Da muka buɗe kwalayen, batiran sola ne guda uku, manya, kowanne kusan kilo 60. Na ɗakin shan magani ne da suka mutu, wani ya ga dama ce a kai su gari a sayar, ya san in ya faɗi gaskiya zan ce a'a. Kilo 180 a wurin kilo 40, kuma duk a can baya, inda nauyi ke ɗaga hancin jirgi. Da na tilasta masa ya tashi, da ya ɗan yi shawagi kusa da ƙasa, sannan ya nitse a bakin kwazazzabon. Haka hatsari da yawa a irin waɗannan filaye ke faruwa: inji lafiya, sama garau, jirgi ya tashi amma ya kasa hawa.

Abin da har yau ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar manajan kamfanin. Ya ce da na yi haƙuri na ci gaba, da jirgin ya tashi, wai gangaren filin zai taimaka. Mutumin da ke zaune a ofis. In farfela ta bugi ƙasa dole a kwance injin gaba ɗaya a duba cikinsa, ga kuɗin ɗauko jirgi daga inda mota ba ta zuwa, wannan ne ya dame shi. Doka ta ɗora alhakin nauyin jirgi a wuyan matuƙi, da ita suka fake, kwantiragina ya ƙare ba a sabunta ba. Maganar sikeli ba ta fito a takardar sallamata ko sau ɗaya ba. Na dawo Kumasi da jaka guda, kuma ban taɓa nadamar janye totur ɗin nan ba. Mutum huɗu muka shiga, mutum huɗu muka fito.

Kwanaki wani ɗan yayata da ke son koyon tuƙin jirgi ya same ni ya ce, "Kawu, wane fili ne ya fi haɗari a duniya? Na ga bidiyon Lukla a Facebook." Na ce masa Lukla ta ƙasar Nepal ta cancanci sunanta: titi mita 527, a tsayin mita 2,845, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, in ka kusanto ba damar fasa sauka ka sake zagayowa. A watan Oktoba 2008 jirgi ya faɗi a can cikin hazo, mutum 18 suka rasu, matuƙin kaɗai ya rayu. Amma Lukla tana da kwalta, tana da hasumiya, ana auna kaya. Filayen da suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda ba mai ɗaukar bidiyonsu, inda kai ne matuƙi, kai ne mai duba titi, kai ne mai faɗa da fasinja.

Abin da na gaya masa ke nan. Ya tashi da sassafe, in an ɓata masa lokaci har zafi ya hau, ya sake lissafi daga farko ko ya kwana. In iska ta yi ƙarfi a kan ƙololuwar tsauni ya haƙura, domin a bayan dutse take zubowa ƙasa da ƙarfin da ƙaramin jirgi ba ya iya turewa, kuma ya riƙa ƙetare tsauni a karkace don ya samu hanyar juyawa. Sannan na dawo kan kwalayen, don kullum can nake komawa. Mu 'yan Zango an rene mu da kunyar manya, in dattijo ya ce maka kayan nan ba nauyi, da wuya ka ce masa sai ka auna. Na ce masa, "Ɗana, ka sayi sikelin rataye naka na kanka, ana samu a kasuwannin Kejetia da Adum, ka sa a jakarka. Kowane kwali ya bi ta hannunka, ko na sarkin gari ne. Kuma kafin ka sa hannu a kwantiragin kowane kamfani, ka nemi matuƙin da ya bar aikin, ka tambaye shi me aka yi masa ranar da ya ƙi tashi."