Jingar da ƙanena ya kawo daga Ƙaura Namoda

Ranar Asabar bayan la'asar ƙanena da ke karatun injiniyan lantarki a Ƙaura Namoda ya iso gida Gusau da jinga a hannu. Ya ce, "Yaya, duba mini wannan, sau uku ina lissafawa, amsa ɗaya ke fitowa." Da'ira ce ta wuta mai sauya alƙibla, mai zagaye biyu, an ce a warware ta da hanyar mesh, wadda aka gina bisa dokar Kirchhoff ta 1845: idan aka bi zagaye har aka dawo mafari, jimillar bolt sifiri ce.

Tushen wutar bolt 100 ne a ma'aunin rms, irin matsakaicin da ake auna wuta mai sauya alƙibla da shi. Zagaye na farko yana da rizista (abin da ke rage gudun wuta) mai om 10, na biyu yana da irinta haɗe da kwayil mai j10, sai kafasita mai −j10 da ke tsakanin zagayen biyu (j alama ce ta karkacewa da digiri 90). Amsarsa ita ce I₁ = j10, I₂ = 10, wato wutar da ke gudana a zagaye na farko da na biyu.

Ban bi lissafinsa layi-layi ba, domin na fi yarda da gwajin wat. Kwayil da kafasita ajiyar ƙarfi suke yi su mayar, don haka duk abin da rizistoci suka ci dole ne ya fito daga tushe. A amsarsa kowace rizista tana cin wat 1000, alhali I₁ ya karkace da digiri 90 daga bolt ɗin tushe, wanda ke nufin tushen bai bayar da ko wat ɗaya ba. Nan ya yi shiru.

Muka koma kan jimlolin lissafin biyu. Tunda ya sa I₁ da I₂ suna juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, abin da ke haɗa zagayen biyu ya kamata ya fito iri ɗaya a kowace jimla, wato +j10, saboda debe −j10 daidai yake da ƙara j10. Shi kuwa ya rubuta −j10 a ta farko, +j10 a ta biyu. Da ya gyara, sai aka sami I₁ = 4 + j2 da I₂ = 2 − j4; tushe ya ba da wat 400, rizistocin suka raba 200-200.

Sai dai na ja masa kunne cewa da tun farko kafasitar ya ba +j10 a ko'ina, gwajin wat zai daidaita, domin ya mayar da ita kwayil ne kawai. Wannan kam sai an duba zanen da ido kafin a fara lissafi.