Gidan haya a Gombe, lissafin da dillali ba zai maka ba

Jiya wani ƙanina ya kira ni wai ya samu fili a bayan Tumfure zai zuba ɗakuna ya sa haya, har ya gama lissafin abin da zai dinga shigo masa duk shekara. Na ce masa tsaya tukuna, ka taɓa zuwa wajen da damina? Ya yi shiru.

Don mu nan Gombe kafin a kai ga maganar 'yan haya, maganar kwari ake fara yi. Ƙasarmu yashi ce, filin da ka gani lafiya lau a watan Maris kafin ƙarshen Agusta sai ka tarar ruwa ya fara cin gefensa, kuma in zaizaya ta kama hanyar gidanka kuɗin tare ta kaɗai sai ya cinye hayar shekaru. Sai takarda. Ta mai unguwa da shaidu tana da amfaninta amma ba ita ce C of O ba, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ka daure ka je GOGIS, hukumar filaye ta jiha, a duba maka ko filin na da wani mai shi ko ma kan hanya aka yanka maka.

Ni ciki da falo huɗu gare ni ba nisa da jami'ar jiha, kuma wallahi abin da ya fi ba ni wahala na gane shi ne kuɗin da ɗan haya ya damƙa maka a dunƙule ba duka ne naka ba, gidan ma yana da rabonsa a ciki. Sokawe zai cika, kwano zai fara yoyo, injin bohol zai ƙone, wanda ya tashi sai ka yi fenti ka canja makulli, sannan ɗakin ya zauna wata biyu uku ba kowa, wannan watannin ba mai biyanka su. Farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma, ga kamfanin simintin Ashaka a jiharmu, gyaran da ka saba yi ya ninka amma hayar ba ta ninkuwa haka, don mutumin da ke ciki ɗan albashi ne ko ɗalibi, in ka matsa ya tashi. Shi ya sa yanzu duk hayar da ta shigo nake ware ta wata biyu gefe, ba na taɓawa ko da sallah.

Mitar wuta kuwa kowa da tasa. Lokacin da suke kan guda ɗaya kullum ni ne alƙali, wannan na da firij wancan na girki da hita.

Abin da ya fi ciwo dai shi ne sa ɗan uwa ko wanda aka haɗo ka da shi ba rubutu. Na yi, na sha. Haya ta ƙare kunya ta hana ka magana, in ma ka yi niyyar tashinsa mai biyan shekara sai ka ba shi notis na wata shida in ba ku rubuta wani abu daban ba, kuma ba ka da ikon cire masa ƙofa ko kwano, sai dai kotu. Don haka ko wa ya kawo mutum, a zauna a rubuta ranar biya da wanda gyara ke kansa, shaidu su sa hannu.

Ƙanin nawa mun yi da shi ba zai ba da ko kafin alƙalami ba sai an yi ruwa mai ƙarfi mun je tare mun ga inda yake bi.