Ƙullin zoɓo a Sallar Gani

Da hantsi muka bar Katsina, ni da ɗan yayata da ya zo hutu daga Ingila, muka bi ta Mashi zuwa Daura kallon Sallar Gani. A mota ya nuna mini katin asibiti: an yi masa allurar rigakafin taifot mako biyu kafin ya hau jirgi. Na ce, "Mu da muka tashi da ruwan rijiya, ina ruwanmu da allura?" Ya ce, "Kawu, ai cuta ba ta tambayar inda aka haifi mutum."

Muka fara da rijiyar Kusugu, inda aka ce Bayajidda ya kashe macijiya, sannan muka gangara ƙofar fada. Dawaki, algaita, ƙarar bindiga, ƙura ta turnuƙe. Da rana ta take, ƙishi ya kama ni. Ga wata yarinya da kula cike da ƙullin zoɓo. Ƙanƙarar ta narke, ledojin suna iyo cikin ruwa mai duhu, hannun da take karɓar kuɗi da shi kuma shi take tsomawa ciki. Na gani sarai, amma na fasa leda da haƙori na shanye biyu. Yaron ma ya kurɓi rabi.

Kwana goma da dawowa zazzaɓi ya kama ni, kullum da yamma yana ƙaruwa, ga ciwon kai, ciki ya ɗaure. Maganin maleriyar da na saya a kemis bai yi komai ba. A asibiti likita ta ce gwajin jini na Widal, wanda ake yi don gano taifot, shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, sai da aka shuka jinina, wato aka raini ƙwayoyin cutar da ke cikinsa a ɗakin gwaji, aka ga ƙwayar Salmonella Typhi mai kawo taifot. Daga bayan gidan mai ɗauke da ita take shiga ruwa da abinci, ta yi kwana 6 zuwa 30 kafin ta bayyana. Abin da ya fi tayar mini da hankali, in aka yi sakaci har mako na uku hanji na iya hujewa, sai tiyata.

Yaron ko ciwon kai bai yi ba. Duk da haka likita ta ja kunnensa: allurar ba ta karewa ɗari bisa ɗari, ba ta hana farataifot, wani zazzaɓi mai kama da taifot, kuma irin tasa ana sabunta ta bayan shekara biyu zuwa uku.

Bana ma Daura za mu da yarana, in Allah ya kai mu. An riga an yi musu allurar, zoɓon kuwa uwarsu ce za ta dafa mana a gida mu cika gora.