Laraba: dangin uba ma dangi ne

Aikin safe na yi yau, a ɗakin kwantar da mata na ɓangaren tiyata. Tunda Oktoba ce, watan wayar da kai kan kansar mama, babban likitanmu ya ɗora mini gabatar da bayani a zaman ma'aikata na ƙarfe biyu. Na zaɓi aikin Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago, mai bincike kan gadon kansar mama.

Kafin zaman, wajen sha ɗaya, na ɗauki bayanin wata sabuwar mara lafiya da ba ta kai arba'in ba, tana da ƙulli a mamanta na hagu. Mahaifiyarta ce ke jinyarta, tana zaune a tabarma da fulas a gefe. Na ce, "Inna, a danginku an taɓa samun mai irin wannan ciwon?" Ta ce, "Ko ɗaya, 'yar nan." Sai mai ciwon ta ɗago kai ta ce, "Inna, Gwaggo fa, ƙanwar Baba?" Tsohuwa ta yarfa hannu: "Ai wannan dangin ubanki ne." Na rubuta gwaggon, har da shekarun da take da su lokacin da ciwon ya same ta.

Da wannan na buɗe bayanina. Ƙwayoyin gadon da ake kira BRCA1 da BRCA2, idan suka zo da tawaya suna ƙara haɗarin kansar mama, ta wajen uba ma ana gadonsu kamar yadda ake gado ta wajen uwa, kuma kowane ɗa ko 'ya rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira.

Olopade a Jami'ar Ibadan ta yi karatun likita, ta gama a 1980, sannan ta wuce Amurka, ta ƙware a ƙarƙashin Janet Rowley, matar da ta nuna yadda sauyin gurbi a ƙwayoyin gado ke haddasa kansar jini. A 2005 Olopade ta sami kyautar MacArthur, wadda ake ba masu hazaƙa a Amurka. Amma abin da ya fi burge ni shi ne haɗin gwiwar da ta ƙulla da likitocin asibitin koyarwa na Ibadan tun 1998, irin su Temidayo Ogundiran da Oladosu Ojengbede. Shekara da shekaru ana tambayar mata tarihinsu, ana ɗibar jini, ana adanawa. Aiki ne na haƙuri, kuma masu cike takardun a Ibadan ma'aikata ne irinmu.

A 2018 suka fitar da sakamako tare da Mary-Claire King, wadda tun 1990 ta gano inda BRCA1 take. Cikin mata 1,136 masu kansar mama, kashi 14.7 cikin 100 na ɗauke da tawayar gado: kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2, sauran a wasu ƙwayoyin. A mata 997 marasa ciwon kuwa, kashi 1.8 ne kawai. Da na karanto alƙaluman, wani ƙaramin likita sai da ya ce in maimaita. Daga baya an kai irin binciken Kamaru da Yuganda.

Na kuma kawo aikinsu na 2009 a Najeriya da Senegal, inda suka ga mafi yawan ƙullin da suka duba ba irin wanda ke jin maganin homon ba ne. Ke nan a ba mace tamoxifen, wato irin wannan maganin homon, ba tare da an gwada tsokar ƙullin ba, ana iya yin asarar kuɗi da lokaci. Nan Malamin lab ya ɗaga hannu, ya ce kada mu ɗauki adadin kamar yankan wuƙa, don wasu binciken sun sami akasin haka, kuma tsokar da aka bari ta daɗe kafin a tsoma ta a fomalin, ruwan maganin da ke adana ta, takan ba da sakamakon ƙarya. Gaskiyarsa. Ya faɗa yana kallon mutanen ɗakin tiyata, aka yi dariya, amma saƙo ya isa.

Wata abokiyar aikina ta ce, "Sista, meye amfanin sani, tunda gwajin gadon ya fi ƙarfin aljihun mutanenmu?" Na ce ko ba gwaji, in mun san gwaggo da 'yar wanta duk sun yi, za mu kira ƙannen mara lafiya su fara zuwa dubawa tun ƙulli bai girma ba. Ba ta gamsu sosai ba. Ni abin da ke damuna daban ne: waɗancan mata 1,136 a Ibadan aka tattara su, ina son in ga an yi wa matanmu na Arewa irin wannan ƙidayar, da namu likitocin a gaba.

Likita ya ce a ƙara tambayoyi biyu a takardar karɓar marasa lafiya, ɗaya kan dangin uwa, ɗaya kan dangin uba, ni zan rubuta su da Hausa kafin Litinin. Na iso gida bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura, na jiƙa su a ruwan ɗumi. Gobe aikin dare gare ni.