Da ruwan ciki ake jan na rijiya: abin da horar da matasan 'yan wasa ya koya mini

Kusan duk matashin ɗan wasan da ya zo wurina neman horo, buƙatarsa ɗaya ce: "Koci, so nake tumbin nan ya zube, damtsena ya fito." Kuma yawancinsu tun kafin su iso sun riga sun yanke wa kansu hukunci. Za su daina cin abincin dare, su yi ta gudu har rigarsu ta jiƙe sharkaf, kowace safiya su hau sikeli. Shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna mini cewa rabin aikina shi ne hana yaro horar da kansa da yunwa. Sauran rabin kuwa shi ne koya masa ɗaga ƙarfe bisa tsari.

Abin da suke nema mai yiwuwa ne. Mutum yana iya rage kitse yana ƙara tsoka a lokaci guda, musamman wanda bai daɗe da fara ɗaga ƙarfe ba, ko wanda kitsen ya yi masa yawa. A 2016, masu bincike a Jami'ar McMaster da ke Kanada sun ɗauki samari 40, suka rage musu kusan kashi 40 cikin ɗari na abincin da jikinsu ke bukata na tsawon mako huɗu, suna kuma yin horo mai tsanani kwana shida a mako. Rabinsu suna cin giram 2.4 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, sauran suna cin giram 1.2. Masu yawan furotin sun zubar da kitse kilo 4.8, kuma tsokarsu ta ƙaru da kusan kilo 1.2. Ɗaya rukunin sun rage kitse kilo 3.5, tsokarsu ta tsaya kusan inda take. Ba na ɗora wa yarana irin wannan ragin abinci, domin waɗancan manya ne, a ƙarƙashin idon masana, na ɗan gajeren lokaci. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne, idan abinci ya ragu jiki sai ya ci daga ajiyarsa, kuma ƙarfen da ake ɗagawa da furotin da ake ci su ne suke sa shi ya bar tsoka ya kama kitse.

Binciken da ya fi amfanar da ni a fili shi ne wanda Ina Garthe da abokan aikinta suka yi a ƙasar Norway a 2011, a kan ƙwararrun 'yan wasa. Wasu an tsara musu su rage kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsu a mako, wasu kuma ninkin haka, dukkansu suna ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. Masu tafiya a hankali tsokarsu ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, masu gaggawa ba su samu ƙari ba. Ga saurayi mai kilo 70, wannan na nufin kusan rabin kilo a mako. Idan na faɗa wa yaro haka sai fuskarsa ta sauya, don shi kilo biyar yake so kafin wata ya ƙare. Nakan zauna da shi in nuna masa cewa rabin kilo a mako kilo shida ne a wata uku, kuma zai kai can ƙafarsa na da ƙarfin gudu.

Sikeli kuwa yana yawan ruɗin yara. Jiki yana ajiye makamashi a tsoka da hanta, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Wanda ya yanke abinci mai sitaci a makon farko zai ga kilo biyu sun tafi, ya yi ta murna, alhali yawancinsa ruwa ne, kuma ya zubar da abin da zai yi gudu da shi ranar wasa. Shi ya sa nake sa kowane yaro ya riƙe littafin horo, ya rubuta nauyin da ya ɗaga da sau nawa ya ɗaga shi, sannan mu auna ƙugu da tef duk bayan mako biyu. Idan ƙugu na raguwa, ƙarfen da ke kan sanda na ƙaruwa, to muna kan hanya ko da sikeli bai motsa ba. Idan kuma nauyi na zubewa amma abin da ya ɗaga sau takwas wancan mako yau ya gagare shi sau biyar, na san abincin ya yi kaɗan, sai mu ƙara.

Game da furotin, bincike da aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 49 a 2018 ya nuna cewa amfaninsa wajen gina tsoka yana kaiwa ƙololuwa a wajen giram 1.6 a kan kowane kilo a rana. Mai kilo 70 ke nan yana bukatar giram 112, a raba shi cin uku ko huɗu. Ƙwai babba ɗaya yana da kusan giram 6, ga kifi, nama, madara da wake. Garin furotin na gwangwani ba dole ba ne.

Horon kansa ba shi da wani asiri. Tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, ɗaga shi daga ƙasa, tura shi a kwance kan benci, da jan jiki sama a sanda, sau biyu ko uku a mako, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, da wannan hanya ta ƙarin nauyi mataki-mataki ya riƙa farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a shekarun 1940, kuma har yau a kanta ake tafiya. Nakan gargaɗi sabon shiga tun farko cewa a makonnin farko ƙarfinsa zai ƙaru ba tare da damtsen ya kumbura ba, domin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke koyon yadda za su sarrafa tsokar da ke akwai. Girman yana zuwa daga baya. Wanda bai san haka ba, a nan yake karaya ya bari. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya ƙone, haka ma sa rigar leda don a yi gumi ruwa kawai take fitarwa.

Barci ne abin da na fi shan wahalar shawo kansu a kai. A wani gwaji a Jami'ar Chikago a 2010, mutanen da ke rage abinci sun yi mako biyu suna kwanciyar awa takwas da rabi, sannan wani mako biyun suna awa biyar da rabi. Da ƙarancin barci, kitsen da suka rage ya ragu da fiye da rabi, tsoka kuma ta fi zubewa. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa takwas zuwa goma, kuma wayar da ke hannunsa har ƙarfe ɗaya na dare tana cinye aikin da muka yi da yamma.

Akwai inda ba na sassautawa ko kaɗan. Yaron da bai gama girma ba, ba na ƙirga masa abinci. Mu gyara abin da yake ci, a rage lemon kwalba da soye-soye, a ƙara horo, girma ya yi sauran. Ɗaga ƙarfe da kulawar wanda ya sani ba ya hana tsawo, amma allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka suna iya rufe wuraren girman ƙashi tun lokaci bai yi ba, ban da illarsu ga zuciya da hanta da haihuwa. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da bayani a kan ciwon da ke kama ɗan wasan da abincinsa bai kai yawan aikinsa ba, mace ko namiji. Alamunsa su ne gajiyar da ba ta wucewa, yawan mura, saurin fushi, tsagewar ƙashi ba tare da wani bugu ba, da ɗaukewar al'ada ga 'yan mata. Wannan na ƙarshe wasu 'yan wasa suna ɗaukarsa shaidar cewa suna horo sosai, alhali a daidai shekarun da ya kamata ƙashinsu ya yi ƙwari ne yake yin rauni. Duk wanda na ga waɗannan alamu a jikinsa, a ranar nake dakatar da rage nauyi, in kira iyayensa mu yi magana, kuma ba ya komawa cikakken horo sai likita ya duba shi.