Galan Biyu na Fetur Suka Mayar da Mu Sahun Ƙarshe

Har yanzu idan na tuna daren Asabar ɗin nan sai raina ya ɓaci, domin laifin nawa ne, ba na direba ba. Ni bakanike ne a wani gari kusa da Charlotte, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, yankin da yawancin ƙungiyoyin babbar gasar tseren motoci ta NASCAR suka kafa garejinsu, kuma a ƙarshen mako nakan taimaka wa maigidana, wanda yake tseren mota a wani ƙaramin fili da zagayensa bai kai rabin mil ba.

A filin namu kowace mota takan fita ita kaɗai ta yi zagaye biyu na gwajin gudu, a ɗauki wanda ya fi sauri, da shi ake jera motoci bibbiyu a wurin tashi. Daga nan wanda ya fi kowa sauri yakan zari ƙuri'a, a juya jerin motocin gaba gwargwadon lambar da ta fito, don kada mai ƙarfi ya tsere wa kowa tun daga farko. Maigida ya zo na uku a gwajin, ƙuri'a kuma ta fito da huɗu, wato na huɗu ya koma na ɗaya, mu kuma na biyu, da a sahun gaba za mu tashi, abin da muka yi wata da watanni muna nema.

Sikeli ne ya tona mini asiri. Kafin gwajin na rage fetur galan biyu daga tanki don motar ta yi sauƙi, dabarar da ba ni na fara ta ba, amma ban ƙara dunƙulen darma da zai cike gibin ba. Galan ɗaya na fetur yana da nauyin kusan fam 6, saboda haka fam 12 na zare daga motar da dama a bakin iyakar nauyin da doka ta yarda take. Na dogara da awon da muka yi a gareji, na manta cewa awon sikelin fili kaɗai jami'ai suke karɓa. Da aka ɗora motar tare da direba a ciki, nauyin ya gaza da 'yan fam kaɗan, nan take aka soke lokacinmu, aka ce mu tashi daga ƙarshe.

Wanda bai san ƙaramin fili ba zai ɗauka abin da sauƙi, tunda a babban filin tsere na Daytona, inda zagaye ya kai mil 2.5, mota takan taso daga baya ta ci tsere. Can ma tsarin daban ne: gwajin mota ɗai-ɗai sahun gaba yake tabbatarwa a babban tserensu na Daytona 500, sauran gurabe sai an yi gajerun tsere biyu na share fage. A namu filin hanya ƙunci gare ta, zagayen da ake yi kaɗan ne, kuma duk wanda kake so ka wuce sai ka ci tayarka. Maigida ya yi iya ƙoƙarinsa, ya gama a tsakiyar jeri da gefen mota a lotse. Bai yi mini faɗa ba, kuma shirun nasa ya fi mini zafi.

Tun daga ranar, da zarar mun sauke mota sai na kai ta sikelin fili tun kafin gwaji, da direba da hular kwanonsa a ciki, in kuma lissafa fetur ɗin da zagayen ɗumi da na gwaji za su ƙone, in bar rarar nauyi a kai. Na kuma koma na karanta littafin dokokin filin daga bango zuwa bango, inda na tarar cewa ko gyara na yi wa mota bayan gwaji ba da izinin jami'i ba, hukuncin ɗaya ne. Galan biyun nan, da na bar su a tanki, da wuya su rage mana gudun da agogo zai nuna.